Huɗar Saje a Ƙasar Sudan

A Fotlami na fara gane cewa duniya ba kasuwar Makarfi ba ce. Na sauka daga kwalekwale a bakin kogin Shari, buhuna a kafaɗa, na gai da mutumin farko da na gani gaisuwa irin ta gida, har da durƙusawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya faɗi wani abu da Larabcin Shuwa, ya yi gaba abinsa. Shekaruna ashirin da 'yan kai a lokacin, ƙasarmu ba ta daɗe da karɓar mulkin kai ba, ni kuwa iyakar tafiyata a duniya Zariya ce, ita ma jakunan rake na bi.

Neman kakana ne ya fito da ni daga ƙauyenmu, can gefen Nasarawan Doya. Sunansa Mamman, amma ba mai kiransa haka. Saje kowa ke cewa, don da igiya uku ya dawo daga yaƙin Bama. Ya zauna da mu 'yan shekaru yana noma, sai wata kaka, bayan an kai amfanin gona gida, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce zai tafi Makka a ƙasa, ya kuma rantse ba za a sake ganin fuskarsa a garin ba sai ya sauke farali. Shiru, shiru, har shekara goma ta gota. Sannan wani mutumin Kudan da ya dawo daga gabas ya ce ya taɓa ganin wani tsoho a Jinena, can ƙasar Sudan, mai tafiya irin ta soja, bakinsa kuma na Zazzagawa.

Kakata Iya ita abin ya fi ci. Ba ta san matsayinta ba, mai miji ce ko mai takaba. Liman ya sha gaya mata shari'a ta ba ta dama ta je gaban alƙali a yanke mata, ta ce ita ba za ta yi wa mai rai takaba ba. Lalle dai ta daina sawa, amma 'yan kunnen azurfar da ya sayo mata da kuɗin sallamarsa ba ta taɓa cire su ba.

"Maigidana," haka take kirana, wasan kaka da jika, "ka je ka gano mini. In ya mutu, ka tsaya a kan kabarin da ƙafarka, ka zo ka gaya mini in yi abin da Allah ya ce. In yana raye ka ba shi wannan, ka ce na san abin da ya tsare shi."

Curin mazarƙwaila ne, ta naɗe shi da ganye ta ɗinke cikin fata. Na tambaye ta mene ne ya tsare shi, ta ce aike ta yi mini, ba hira ba.

Daga Fotlami zuwa Abashe a saman lodin wata tsohuwar babbar mota muka tafi, mu da buhunan gishiri da awaki biyu. Motar nan in ta yi tafiyar safe sai ta huta da rana, in ta huta kuma sai an roƙe ta. A wani wuri da ba gida ba rijiya, motar ta mutu mana gaba ɗaya, direba ya bi wata mota neman ƙarfen da ya karye, ya bar mu da yaron mota da rabin duro na ruwa mai warin fetur. Garin guzurina ya ƙare, ƙuli-ƙulina ya ƙare. Wallahi sau da yawa ina ciro fatar nan in shinshina, ƙanshin rake ya doki hancina, yawu ya cika mini baki, in tuna fuskar Iya in mayar. Wani Babarbare da ban ma san sunansa ba ya lura da ni, ya riƙa raba dabinonsa biyu yana tura mini rabi ba tare da ya dube ni ba. A Abashe muka rabu, ban ƙara ganinsa ba.

Zaman jiran nan ne ya ba ni lokacin tuna Saje. Ina ɗan ƙarami nake bin shi gona. Shi ba ya huɗa kamar sauran mutane. Sai ya kafa kara a can ƙarshen gona, ya dawo nan ya rufe ido ɗaya ya auna shi kamar mai saitin bindiga, sannan ya sa garma. Layinsa ba ya karkata ko da taki ɗaya. In ya gama, a bakin kowane layi sai ya shuka rama ƙwaya ɗaya, ya ce kowane layi da mai gadinsa. Mutane na yi masa dariya, suna cewa Saje ya sa dawa fareti. Shi kuwa ko a jikinsa. Ni yake tsokana, ya ce, "Kai ɗan ƙwace, ina can ina yaƙi ka zo ka aure mini mata, to yanzu sai ka yi noman ciyar da ita."

Akwai kuma wani abu da na gani ban fahimta ba. Da damina in rafin fadamarmu ya kawo, kowa na naɗe wando ya tsallaka, Saje sai ya zagaya ta can tudu, tafiya mai nisa, ya ce zai duba gonar wane. Na ɗauka son yawo ne irin na tsoffin soja.

A Jinena, garin farko na ƙasar Sudan, aka yi mini wankin babban bargo. Ina sauka a zangon Hausawa wani mutum mai tsabtar riga da carbi ya tare ni da fara'a, ya ce sunansa Baffa, duk baƙon da ya shigo garin shekara ashirin ya san shi. Ya sa aka kawo mini shayi. Ya yi ta tambayata a hankali, ni kuma baƙauye, na samu mai jin Hausa, na zazzage masa komai: tsayin Saje, tabon goshinsa, shekarar da ya fito. Da na gama sai ya sunkuyar da kai ya yi salati.

"Allahu akbar. Dogo, mai tabo a goshi, mai tafiyar soja? Yaro, sai haƙuri. Da hannuna na sa shi a rami."

Ya kai ni maƙabarta ya nuna mini wani kabari da aka kafa wa dutse. Na tsaya a kai da ƙafata kamar yadda Iya ta ce, na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba. Baffa ya ce har yau ba a sallami waɗanda suka yi wanka da haƙa ba. Na tuɓe babbar rigata, wadda babana ya ba ni, na miƙa masa, har ina yi masa godiya.

Na yanke washegari in juya gida. Mazarƙwailar kuwa na ce bari in bayar sadaka, ladan ya kai masa. Akwai wata tsohuwa Bakatsiniya mai sayar da koko a bakin zangon, ita na kai wa. Ta tambayi dalili, na gaya mata. Ta ajiye ludayinta ta dube ni.

"Wane kabari? Mai dutsen nan na gindin aduwa?"

Na ce shi.

"Ɗan nan, kabarin nan bara uban wani Bakano ne. Kafin nan yayan wani Bazamfare. Wanda ke ciki dai Allah kaɗai ya san shi. Me ka gaya wa Baffa kafin ya gaya maka?"

Kai! Ashe ni na ba Baffa komai da bakina. Ni mutum ne mai saurin fushi, har yau ban rabu da shi ba. Na zari itacen wutarta zan nufi zango, ta cafke mini hannu, ta ce in na fasa masa kai 'yan sandan garin ba Hausa suke ji ba. Ba rigar ce ta fi ƙona mini rai ba. Saura kaɗan in koma in sa Iya takabar ƙarya da bakina, wannan ne ya hana ni cin abinci ranar. Tsohuwar ta zuba mini koko ba ta karɓi ko anini ba, ta ce ta tuna wani tsohon soja da ya yi gadin rumbunan wani Balarabe a garin, ya daɗe da bin masu tsinkar auduga ya yi gabas. Ta mayar mini da fatar cikin buhu da hannunta, ta ce kada in sake fito da ita sai a gaban mai ita.

Fashir, Ubayyid, duk na wuce su ina dako ina ci. A Ubayyid na hau jirgin ƙasa zuwa Kosti, daga nan na shiga ƙasar Jazira, inda auduga take iyakar ganinka. Nan na yi rani ina tsinka. Ba mai kiranka da sunanka, kai dai Takari ne, sunan da suke kiran duk wanda ya fito daga wajenmu. Abincinsu wata 'yar fallen waina ce mai tsami da suke kira kisra, ka ci ka ci ba ka san ka ci ba. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa har ina jin ƙanshinta a hanci tsakar rana. Ranar kasuwar Makarfi in ta zagayo sai in kama kaina ina lissafin wa da wa suka ɗaura wa jaki kaya yanzu. Zazzaɓi ya kayar da ni a wata bukka, uwar mai gonar, Balarabiya tsohuwa tukuf, ta riƙa aiko mini da madara mai ɗumi. Ba na jin maganarta ba ta jin tawa, sai dai ta dafa kaina ta yi addu'a, ita kam na gane ta.

Duk unguwar Hausawan da na shiga ina tambaya, amma ashe tambayar banza nake yi. Alhaji Mamman nake nema. A tunanina mutumin da ya fi shekara goma a hanyar gabas ai ya daɗe da zama Alhaji, rashin ladabi ne ma in kira shi ba haka ba. Aka yi ta nuna mini Alhazai Mamman, gajeru da dogaye, har da wani makaho ɗan Haɗeja da ya rungume ni ya ce lalle ni jikansa ne in dai na zo da goro. Ba nawa a ciki.

Da ruwa ya sauka aikin auduga ya ƙare, na bi wasu 'yan ƙwadago zuwa ƙasar Gadarif noman dawa da riɗi. Gaskiya a lokacin na fara sarewa. Ina tunanin Iya, ko tana nan ko ba ta nan, ga shi ni ban samu mai rai ba ban samu kabari ba.

Mutanen can ba sa huɗa. A shimfiɗe suke shuka, su soka sanda su jefa iri su wuce. Wata safiya muna tafe daga wani ƙauye zuwa wani, ina baya ina jan ƙafa, sai idona ya faɗa kan wata 'yar gona a gefen wani rafi. Na tsaya cak. Huɗa ce, irin tamu, ta garma. Layukan a miƙe sambal. A bakin kowane layi kuwa ga rama ƙwaya ɗaya ta kai gwiwa.

Abokan tafiya suka yi ta kira, na ce su je. Na zauna a bakin gonar, ban yi saurin murna ba, don mai yiwuwa wani ya koya a wurinsa shi kuma ya riga mu gidan gaskiya. Can sai ga wani tsoho ya ɓullo da garma a kafaɗa. Ya rame, gemu ya yi fari fat, amma bayan nan a miƙe yake. Na durƙusa na gaishe shi, ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya ruwa. Yana amsawa yana ƙare mini kallo, bai gane ni ba. Da gaisuwa ta ƙare na rasa ta inda zan fara, sai bakina ya ce, "Saje, zuwa na yi in gaya maka matarka ta gaji da ni."

Garmar ta zame daga kafaɗarsa.

"Ɗan ƙwace?" ya ce. "Kai ne ka zama haka?"

Muka zauna a gindin wata ƙaya. Bai tambayi kowa ba sai da ya tambayi ko Iya tana raye. Na ce da rai na bar ta. Na ciro fatar na farke ɗinkin na miƙa masa. Mazarƙwailar ta yi baƙi ta yi tauri. Ya kai hanci ya daɗe bai sauke ba.

Na ce, "Alhaji, me ya hana ka dawowa?"

Ya ce, "Kada ka ƙara kirana haka. Ban je ba."

Sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa a ƙauyenmu ba. A Bama, wata rana aka ce su tsallake wani babban kogi a cikin ƙananan jirage. Yaran da ke ƙarƙashinsa 'ya'yan manoma ne, waɗansu daga nan ƙasar Ikara, ba wanda ya iya iyo, kowa kuma da kaya ɗaure a jikinsa. Suna tsakiya aka buɗe musu wuta, jirgin ya kife. Shi ya kama wani reshe. Yana ji suna kiran Saje, Saje, har aka daina kira. Ya ce ko dawowarsu gida ta teku bai san an yi ba, a kwance aka kawo shi cikin ciwo.

"Na kai bakin teku, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba," in ji shi. "Na biya kuɗin jirgi. Ina sa ƙafa a kan katakon sai in ji suna kira. Tsofaffin mata na wuce ni suna shiga, ni Saje ina tsaye ina rawar jiki. Sai in ce baɗi. To da wace fuska zan koma, bayan abin da na faɗa a ƙofar masallaci?"

Tausayi ya kama ni, amma fushi ya riga shi fita. Na ce, "Haba Saje! Saboda bakin masu zaman ƙofar masallaci ka bar tsohuwa shekara da shekaru ba ta san ko ita wace ce ba? Rabinsu ma sun mutu!" Jika ne kaɗai zai gaya wa mutum haka ya kwana lafiya. Sai na tuna sauran saƙon, na ce, "Ta ce in gaya maka ta san abin da ya tsare ka."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Sai a lokacin na tuna rafin fadamarmu da zagayen da yake yi ta tudu. Ni na gani ban gane ba, ita kuwa ta daɗe da sani.

"Ita ke riƙe ni in abin ya taso mini," ya ce. "Ba ta taɓa tambayata ba."

Ya ɓantari mazarƙwailar kaɗan ya sa a baki, ya naɗe sauran ya sa a aljihu.

Damina ta rufe hanya, don haka tare muka yi noman shekarar, ni da shi, yana gyara mini layi yana cewa hannuna ya karkace tun da ba ya nan. Muka je wurin wani malami a unguwar Hausawa kan maganar rantsuwar. Malamin ya ce hajji na kan wanda ya samu iko ne, rantsuwa kuma tana da kaffara. Da aka yi girbi Saje ya ciyar da miskinai daga dawar gonarsa, ya bar wa maƙwabcinsa garmar, muka kamo hanya.

Ba zan ja labarin dawowa ba, wahalar dai ita ce, sai dai yanzu mu biyu ne. A Jinena na nemi mai koko aka ce ta rasu, Allah ya jiƙanta. Baffa kuwa ban neme shi ba. A kogin Shari Saje ya ja rawani ya rufe fuska, ya riƙe mini wuyan hannu tun daga wannan gaɓa har waccan. Shatin yatsunsa ya kwana biyu a jikina.

Labari ya riga mu isa gida daga Makarfi. Muna shigowa gari mata suka ɗau guɗa, maza suka taso daga ƙofar masallaci, "Alhaji! Maraba da Alhaji!" Liman ya buɗe hannu zai rungume shi don neman albarka. Da Saje zai yi shiru, da ba mai sanin gaskiya sai ni.

Saje ya ja da baya taki ɗaya, ya haɗe ƙafafu, ya miƙe kamar yana gaban hafsa.

"Jama'a, ku dakata. Ban je Makka ba. Na kai bakin teku na kasa shiga jirgi. Tsoro na ji."

Mai guɗa ta haɗiye guɗarta. Wani ya yi gyaran murya, wani ya dubi ƙasa. Sai muka ji murya daga cikin zauren gidanmu, muryar Iya, wadda ba a taɓa ji a waje ba.

"Wa ya tambaye ka? Shigo ka sha ruwa."

Liman ne ya fara dariya, ya rungume shi duk da haka. Ni na bi shi ciki. Iya na zaune a kan tabarma, ta ƙara tsufa, 'yan kunnen na nan. Ba ta dube shi ba. Ya durƙusa ya ciro ragowar mazarƙwailar ya ajiye a gabanta. Ta juya ta a hannu ta ce, "Duk tsawon hanyar nan ɗan wannan ka ci?" Ya ce ai rabonta ne ya rage mata.

Damina ɗaya ya yi da mu. Ya huɗe gonar tudu da kansa, ya kafa masu gadinsa, ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Rafin fadama kuwa ya ci gaba da zagaye shi, sai dai ya daina cewa gonar wane zai duba. Bayan an kai dawa rumbu ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Da muka dawo daga maƙabarta Iya ta aika a kira ni. Na same ta a ɗaki ita kaɗai.

"Maigidana, ka tsaya a kai da ƙafarka?"

Na ce, "Na tsaya, Iya."

Ta ce, "To." Ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta.